Rahina da Inuwar Dabino

Zango, Damagaram
Farkon watan Mayu

Zuwa ga yayana Malam Sallau, a Guna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya zafi, yaya sharar gona? Mu nan lafiya lau, sai ƙarancin ruwan da ka san Damagaram da shi.

Da kunnenka na ji kamar da, da na kira ka a salula na zazzage maka abin da ke cikina na huta. Tun da ya yi nauyi, sai ka haƙura da rubutuna, ka tuno karatun manyan nan da ka yi ta yi mana taƙama da shi.

Maganar ɗiyarka Rahina ce. Shekararta ta farko a lise, babbar sakandare, ta zo ƙarshe, kuma kafin hutu dole kowa a ajinsu ya zaɓi hanyar da zai bi har zuwa bak, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a. Hanya biyu ce gabanta. Akwai seri D, inda yawancin yara ke tururuwa, can ake samun likitoci da malaman gona. Akwai kuma seri C, lissafi da fizik tsagwaronsu, wadda ko maza gudunta suke yi. Ba sai na faɗa maka wadda ta zaɓa ba, taurin kai ai ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Malaminsu na lissafi, Mushe Khalid, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya tako har gidan nan. Ya ce ya daɗe bai ga kai irin nata ba, amma bai ɓoye mini ba, seri C tana kayar da jarumai, kuma ba zai sa sunanta ba sai ya ji ta bakin mahaifinta.

Ni dai tsoro nake ji, Yaya. Yarinyar ta rame. Da ta dawo lise sai ta tsuguna a tsakar gida, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke ta yi ta zane, ga da'ira, ga layuka, ga baƙaƙe, tana magana ita kaɗai. Na ce ba ga littafin rubutu nan ba, ta ce takarda ta yi mata ƙunci, a bayan rumbunka ta saba tun tana ƙarama. Har ƙorafi take yi wai ƙasar Zango tsakuwa ce, ba ta kai rairayin Guna laushi ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci nakan dakatar da keken ɗinkina in yi ta kallonta, sai in ga kamar ba ɗiyar da na goya ba ce. Na tambaye ta me take nema a seri C, ta ce so take ta san inda ruwa ya ɓuya a ƙarƙashin duwatsun garin nan. Ni kuwa ga shi na tsufa ina jiran 'yan garuwa.

Duk da haka shawarata ka ce mata D, ta fi sauƙi. Ka aiko da amsa ta hannun Tahiru direba. Dabinon tsakar gida ya ƙarasa mutuwa, yana nan tsaye yana ba ni tsoro. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Rakiya

Zango, Damagaram
Ƙarshen watan Mayu

Yaya Sallau,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Gaisuwar yau gajera ce, domin raina a ɓace yake.

Tahiru ya isar da saƙonka. Wai ba C ba D, Rahina ta tattara kayanta ta koma Guna, saboda ka ji ta zama mai bugun ƙasa a birni. Haba Yaya. Kai da ka saɓa ta a kafaɗa ka kai ta lakwal karatun boko, kai ne za ka ji wannan magana ka ɗauka?

Bari ka ji tushen zancen. Maƙwabciyata Rabi ce ta shigo aron rariya, ta iske yarinyar a tsugune gaban zanenta tana motsa baki. Ba ta tambayi kowa ba, ta fita da rariyar da labari. Kashegari sai ga ta da wata mata wadda akuyarta ta ɓata, wai a duba mata. Kafin mako ya zagayo har mai neman sanin ko mijinta zai dawo daga Libiya ta zo da goronta. Da muciya na raka su ƙofa. Ranar Alhamis matan Guna suka kawo gyaɗa kasuwar Dole, suka koma da buhuna wofi da baki cike.

Na san abin da ke damunka. Kai mutum ne na sahun gaba a masallaci, ba za ka so a ce ɗiyarka na taɓa abin da addini ya hana ba. Ni ma kuma, in ka ce in rantse a kan abin da take zanawa, ba zan iya ba, don ban san karatunsa ba. Shi ya sa na ɗauki mayafina na tafi lise da ƙafata.

Mushe Khalid ya leƙa da ni ajin 'yan seri C. Yaya, ba su cika tabarma biyu ba, kuma mace ɗaya tal na gani. Allon bango cike yake daga wannan gefe zuwa wancan da irin zanen Rahina sak, ajin kuwa tsit, kowa ya zuba ido kamar masu jiran ganin wata. Wani saurayi ya tashi ya ƙara layi ɗaya, sai na ji duk sun sauke numfashi tare. Ban fahimci komai ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Ita kuwa ɗiyarka tun da ta ji saƙonka ta daina zanen. Ba ta yi gardama ba, ta ce in Baba ya ce ta koma za ta koma. Tana zaune ta ɗora hannu bisa cinya kamar baƙuwa, wannan ya fi ramar tata ci mini rai. Ina roƙonka ka bar ta ta kai hutu.

Ga kuma dabinon nan. Iskar farkon damina ta soma, gara ta cinye gindinsa, Ɗanƙarami mai saran itace ya ce ba zai hau shi ba don yana da 'ya'ya. Sai dai a kayar da shi ɗungurungum. Gabas da arewa ɗakuna ne, yamma wayoyin wuta sun gitta, saura kudu, inda katangar Rabi da madafarta suke. Ta yi tsalle ta dire ta ce ba a isa ba. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rakiya

Zango, Damagaram
Watan Yuni

Zuwa ga yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. An ce kun samu ruwan shuka, Allah ya sa albarka. Ka zauna sosai kafin ka karanta, don ni har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ka sake turo Tahiru ya ɗauko Rahina, to, bai zo da ita ba, kuma ni na hana. Ga dalili.

Ranar da ya iso, mun wayi gari dabinon ya ƙara karkata. Ɗanƙarami ya zo da gatarinsa da igiya, ya ɗaga kai ya duba, ya duba katangar Rabi, ya ce shi ba zai ɗauki alhaki ba, ido ba ya auna abin da ke tsaye. Rabi na kan katanga tana ta sababi. Ana cikin haka Rahina, wadda jakarta ke ɗaure a bakin ƙofa, ta matso ta ce a hankali, Gwaggo, in an yarda za ta gwada.

Ba ta zana komai ba. Taɓaryata ta ɗauka ta kafa a fili, ta karya karan dawa daidai tsawon taɓaryar, ta shimfiɗa shi a ƙasa ta inda inuwa ta faɗi, ta ce mu jira. Da hantsi ne, inuwar taɓarya ta fi karan tsawo. Muka tsaya cirko-cirko, ni da Tahiru da Ɗanƙarami da matan unguwa, muna kallon inuwa tana janyewa sannu-sannu. Shekaruna nawa a duniya, Yaya, ban taɓa tsayawa na ga inuwa na tafiya ba.

Da bakin inuwar ya zo daidai bakin karan, sai ta ruga ta bi inuwar dabinon, wadda ta miƙe ta ƙofar baya har cikin fili, ta dasa dutse a ƙarshenta. Ta juyo ta ce mana:

"Yanzu inuwar taɓarya daidai take da taɓarya. Rana ɗaya ce ke bisa kansu, don haka inuwar dabino ma daidai take da dabino."

Shi ke nan fa. Ta auna inuwar da igiyar Ɗanƙarami daga gindi zuwa dutsen, ta juya igiyar ta yi kudu da ita, ta ajiye taɓaryar a inda ta ƙare. Tsakanin taɓarya da katangar Rabi akwai kamar taki guda. Ta ce ba zai wuce nan ba. Ɗanƙarami ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yi bismillah ya ɗaure igiyarsa.

Lokacin da dabinon ya taho, na rufe idona, ƙasa ta girgiza har randata ta yi ƙara. Da ƙura ta lafa, ga kansa kwance, tsakaninsa da taɓarya bai fi tafin hannu ba, katanga kuwa ko ɓarɓashi bai zubo ba. Ɗanƙarami ya cire hularsa ya sake sawa.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, wannan yarinya ba ta hau komai ba, tana tsaye a ƙasa ta san tsawon abin da manya suka kasa hawa. Amma ba wannan ne ya sa ni hawaye ba. Abin da ya sa ni hawaye shi ne na gane. Ni Rakiya mai ɗinki, na gane yadda aka yi, har zan iya yi da kaina. Mai duba ɓoye sirrinsa yake yi, ita kuwa a tsakiyar rana ta baje nata, kowa ya ɗiba. Allah ya shimfiɗa ma'auni a tsakar gidana tun ran da aka gina shi, ina ta taka shi ban sani ba.

Rabi ta so ta ce ai ga shi ta faɗa, yarinyar na da aljanu. Rahina ta miƙa mata taɓaryar ta ce gobe da hantsi ta auna katangarta da kanta. Ta auna kuwa, ya fito daidai, tun ranar ba ta sake ɗaga zancen ba, har rariyata ta dawo da ita.

Na janye shawarata ta farko. Ban san ko za ta iya da seri C ba, Mushe ma bai yi alkawari ba. Amma in ka mayar da ita gida, ni dai na san an rufe rijiya da ruwanta. Maganarka ce ta ƙarshe, ita take jira, jakarta na nan ba ta kwance ba. Ka tambayi Tahiru, da idonsa ya gani.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Rakiya

Zango, Damagaram
Ƙarshen watan Yuni

Yaya Sallau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, ina fata hatsi ya tsiro lafiya, kuma jikinka da ƙarfi.

Tahiru ya iso jiya da la'asar. Da muka ji motarsa, Rahina ta miƙe ta ɗauki jakarta, ni kuwa na fita na tarye shi. Na tambaye shi takarda, ya ce babu. Na ce to saƙon baki fa, ya ce shi ma babu, ka dai karanta wasiƙata har sau biyu, ka sa shi ya kafa maka sanda a rana ya nuna maka, sannan ka ɗauki jaki ka fita. Ga abin da ka ce a kawo, in ji shi, ya sauke wani buhu da kyar yana nishi.

Na zaci gero ne, har na fara cewa ba mu rasa abinci ba. Rahina ta kwance bakin buhun ta tura hannu ta ɗebo. Rairayi ne, fari tas, an tankaɗe shi babu ko tsinke. Ta ce na bayan rumbunka ne, ta san shi. Ta durƙusa ta kifa fuskarta a kan buhun ta yi ta kuka, ni ma na taya ta, Tahiru ya juya baya yana gyaran madubin motarsa.

Kai dai har abada ba za ka iya cewa "na yarda" kamar sauran mutane ba. Mun ji, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Da safe na raka ta wurin Mushe Khalid, na ce masa mahaifinta ya amsa. Ya tambaya ko da baki ko a rubuce, na ce a buhu.

Mun baje rairayin a gurbin dabinon. Yanzu haka tana tsugune a kai da tsinkenta, na kira ta cin abinci har sau biyu ba ta ji ba. Ka ci gaba da yi mata addu'a, hanyar da tsawo. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rakiya