Hayaƙi a Kan Tafki

Yawuri, watan Safar, 1341.

Daga Malam Daudu zuwa ga ƙanensa Falalu a Roni. Gaisuwa mai yawa. Yaya Ma'u da yara?

Har yau ban manta dariyar da aka yi mini a ƙofar dagaci ba, ranar da na ce hayaƙin ƙunar daji zai kashe kifin babban tafkinmu. Dagaci ya ce, "Malam, karatu ya yi maka yawa. Ina ruwan kifi da hayaƙi?"

Ina lafiya, sai ɗan tari da kaɗaici.

Amma na ga mutum a nan. Mafarauta sun zo cinna wa daji wuta, Sarkin Ruwa ya watsa ƙasa sama, ya ga iska ta nufi tafki. Ya ce, "Ku jira ta juya. In toka ta rufe ruwa, kifi ba ya numfashi." Suka koma ba gardama. Allah ya ƙara masa daraja.

Don Allah ka faɗa wa sabon dagaci wannan kafin farautar bana, ko ƙaramin tafkin da ya rage mana ya tsira. Allah ya yi muku albarka.

Babban tafkin kam, tun bayan ƙunar waccan shekarar tarwaɗa da karfasa duk sun taso ciki sama, kuma ba su dawo ba.