A Mayar wa Kofur Iliyasu Dutsen Taimamarsa

Zuwa ga Dakta Nasiru,
Mataimakin shugaban sashen jinya,
Gidan kula da tsofaffin sojoji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

"Hajiya, ki kawo Baba wurinmu. Muddin ina gidan nan, ba mai taɓa masa addini, ba mai ɗaure masa hannu. Ubana ne." Kai ka faɗa mini haka, Dakta, a ƙofar masallacinmu na Mount Hope bayan an sauko Juma'a, takalmanka a hannu, a gaban Liman da maigidana. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan maganar ce ta sa na sa hannu a takardunku. Ranar Lahadin da ta wuce na sake tarar da hannuwan mahaifina biyu a cikin safa mai kauri, an ɗaure su da igiya a wuyan hannu.

Na rubuta da Hausa ne saboda da Hausa ka yi alkawarin. Na fito da wasiƙar fili kuma saboda na kira ofishinka sau uku, na aika takarda sau biyu, abin da na samu kawai shi ne muryar sakatariyarka tana ce mini kana mitin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mahaifina shi ne Malam Iliyasu, wanda tsofaffin unguwar Tremont ke kira Kofur. Daga Kano ya zo ƙasar nan karatu, ya bar ni a goye. Takardar kiran soja ta same shi tun bai zama ɗan ƙasa ba, bai gudu ba, ya tafi yaƙin Biyatnam, ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji. Ya tuƙa bas a garin nan har ya yi ritaya. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ciwon ya tafi da Turancinsa kaf. Hausa kawai ta rage, ita ma kaɗan kaɗan. Abin da ciwon bai taɓa ba shi ne salla.

Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Tun da ya daina iya zuwa banɗaki da kansa, taimama yake yi. Yana da dutse baƙi mai santsi, bai fi tafin hannu ba, kullum a kan akwatin gefen gadonsa. Ranar da muka kawo shi na nuna wa nas dutsen, na yi mata bayani, ta rubuta. Wata uku da suka wuce wani mai duba ɗakuna ya zo ya ga dutse kusa da majiyyaci, ya sa shi a leda, ya manna masa takarda cewa abu ne mai haɗari. Ba wanda ya kira ni. Mutumin da aka taɓa ba bindiga da harsashi aka ce ya je ya tsare ƙasa, yau an ga bai cancanci a bar masa dutse ba.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka karanta a hankali. Da ya nemi dutsen ya rasa, sai ya koma bango. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya daki bangon da ke kansa, ya shafi fuska, ya sake duka, ya shafi ɗayan hannun. Na san bangon fenti ne, na san abin da malamai za su ce a kansa. Shi dai abin da hannunsa ya kai ke nan. Ma'aikatanku suka ga tsoho yana dukan bango yana murza fuska yana motsa baki, sai suka rubuta a fayil cewa ya ruɗe, yana neman ji wa kansa ciwo, yana magana da waɗanda ba sa nan.

Na nemi kwafin fayil ɗin, doka ta ba ni, na zauna da shi a teburin kicin tare da kalandar salla ta masallaci. Kowane rubutu na "ya daki bango" yana da lokaci a gefensa. Wayewar gari. Bayan sha biyun rana. Yamma. Faɗuwar rana. Bayan abincin dare. Sau biyar, Dakta, kusan kullum. Da rana ta fara gajarta, ruɗewar yamma ta riƙa matsowa baya da 'yan mintoci, daidai da la'asar. Da aka mayar da agogo baya da awa guda, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk shekara idan sanyi ya ƙarato, ita ma ta koma baya da awa guda. Shekara ashirin ina koyarwa, na kuma karanta littattafai da yawa a kan ciwon mantuwa tun da Baba ya kwanta, ban taɓa cin karo da ruɗewar da ke bin kalandar masallaci ba. Idan kun gano sabuwar cuta ce, ku sanar da duniya.

Na uku. Akwai wadda ta gane. Fati, 'yar Zangon Kumasi da ke yi masa wanka da safe, ta gaya wa babbar nas cewa salla yake yi. Aka ce mata aikinta wanka ne da canjin zane, ba ta da hurumin fassara halin majiyyaci. Sati biyu bayan nan aka mayar da ita wani bene. Ban ce don haka aka mayar da ita ba. Na ce dai ita kaɗai ce a benen da take amsa masa idan ya ce sannu.

Na huɗu. Maimakon a tambaye ni, sai aka fara ba shi maganin kwantar da jiki, aka kuma sa masa safar nan. Yanzu idan na zo la'asar, barci yake yi baki a buɗe. Idan ya farka yana ɗaga hannuwan yana kallonsu, yana kallona. Ranar Lahadi ya ce mini, "Rabi, rana ta yi?" Na ce ta yi, Baba. Ya ce, "To kwance ni mana." Na kwance. Nas ta shigo ta ce sai da izinin likita. Takardar izinin ɗaurewar na gani a fayil, kuma sa hannunka ne a ƙasa.

Na yarda ba kai ka ɗauke dutsen ba. Na yarda takardu da yawa ake kawo maka ka sa hannu. Wanda bai taɓa ganin taimama ba ina yi masa uzuri, jahilci ne, ana gyara shi da bayani na minti biyu. Kai fa? A Kano aka haife ka. Ka ga kakanka yana yi, ka ga tsofaffi a asibiti da dutse a ƙarƙashin matashi. Da ka tako bene biyu ka tsaya a ƙofar ɗakin sau ɗaya da azahar, da ka gane kafin ya gama shafar fuska.

Na biyar, ranar tunawa da tsofaffin sojoji. Na zo bikin. Na ga an kwance masa safar, an sa masa hular soja da lambar yabonsa, an turo kekensa layin gaba. An busa ƙaho, an yi jawabi a kan bashin da ƙasa ba za ta iya biyan waɗannan mutane ba, an ɗauki hoto, hannunsa a kan ƙirji. Kafin baƙi su gama cin kek an mayar da shi sama an mayar da safar. Hoton yana nan a zaurenku. Hannuwan sun fito da kyau.

Yanzu an aiko mini da takarda cewa ranar Litinin ta sama kwamiti zai zauna don a mayar da shi sashen da ake kullewa. Na taɓa leƙa sashen. Ba taga a gefen gadaje. Baba da inuwar taga yake gane lokaci. Idan kuka kai shi can, kun raba shi da abu na ƙarshe da yake yi da kansa, kuma na san mahaifina, ba zai daɗe ba.

Ga abin da nake nema. A mayar masa da dutsensa, a rubuta a saman fayil da manyan baƙaƙe abin da yake yi da shi. A cire safar. Likita ya sake duba maganin, a gabana. A soke zaman kwamitin, a gyara abin da aka rubuta a kansa, domin mahaifina ba mahaukaci ba ne, kuma ba zan bari wannan ya zama abin da takarda ta sani game da shi ba. A kuma ba ma'aikata damar su ji bayani daga Liman ko daga gare ni, don ba shi ne Musulmi na ƙarshe da zai kwanta a gidan nan ba.

Na ba ka zuwa ƙarfe sha biyun ranar Alhamis. Idan lokacin ya wuce dutsen yana cikin leda, da safiyar Juma'a zan kai fayil ɗin da kalandar salla, a jere shafi da shafi, ga hukumar da ke duba gidajen jinya. Da yamma kuma zan zo da tsofaffin masallaci, sun riga sun amsa, kowa da dutsensa a aljihu. Za mu zauna a zauren baƙi, idan la'asar ta yi su yi taimama a gabanku, ɗaya bayan ɗaya. Sai ka sauko ka gaya mana mutum nawa za a ɗaure.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da aikin nan lafiya. Allah ya ba ka tsawon rai. Ranar da harshenka ya gaza, Allah ya ajiye maka a gefen gado wanda zai kalli hannunka ya gane abin da kake yi.

Wassalam.

Rabi Iliyasu,
Tremont.