Jakar da Azumi Ta Ɗinke

Magajiya, Suleja
Laraba

'Yata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tsuntsayen tekun da kike gadi a tsibirinku. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Seun abokin aikinki ya zo hutu, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe mu. Da jin ran Asabar zai koma, mahaifiyarki ta tayar da gidan. Ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, duk ta cusa a jaka, ta ɗinke bakin da basilla yadda uwarta ke yi mata.

Sai Seun ya ce kin ja masa kunne, ko allura ba ta shiga jirginku sai an buɗe an kakkaɓe, kada ɓera ya bi kaya ya sauka tsibirin. Kin san Azumi. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ɗan aike ya buɗe saƙon uwa ba, kuma ita ba ƙazama ba ce da za a nemi ɓera a kayanta. Ta ce jakar ta zauna, ko gaisuwa kada in sa miki da sunanta.

Ni kam kin burge ni. Yarinyar da ke gudun zakara ce yau take kafa wa uwarta doka saboda tsuntsu! Amma raina ba daɗi. Ba na so Seun ya iso miki hannu rabbana, ki zauna a tsakiyar ruwa da fushin uwa a kanki.

Mahaifinki,
Bamalli

Juma'a

Ikilima,

Sallama da fatan alheri. Ki haɗa wannan da ta shekaranjiya, ambulan ɗaya na sa su.

Seun ya zo sallama bayan la'asar. Bai ƙara tayar da zancen jaka ba, hotuna kawai yake nuna mini a waya, mahaifiyarki tana gefe tana tsince shinkafa, wai ba ta sauraro. Na gan ki kwance rub da ciki a bakin wani rami, kina leƙen tsuntsuwa. Kin yi baƙi, kin rame, amma ban taɓa ganin fuskarki da haske haka ba. Ya ce irin wannan tsuntsuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara, a ƙasa. In ɓera ya fasa shi, sai baɗi, in da rabo.

Sai na ji faifai ya tsaya. Ta ce, "Ɗaya tak?" Ya ce ɗaya tak.

Kin san shekarun da muka yi muna jira kafin Allah Ya ba mu ke, kuma daga ke bai ƙara ba. Mahaifiyarki ta ajiye faifan. Ta ɗauko reza, ta farke ɗinkin da hannunta, ta baje komai a tabarma. Har kuɓewar sai da ta bi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zuba a bokitin roba mai murfi. Ba a sami komai ba, kuma ta tabbatar duk unguwa ta ji.

Tana gaishe ki. Ta ce in rubuta miki yadda ta faɗa: "Mai abu ɗaya ba ta barci. Ikilima ta tsare wa tsuntsayen nasu, Allah Ya tsare mini ita."

Naki har kullum,
Bamalli