Malaminka Mai Kunnen Jaki

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin ƙasar? Baba da Inna lafiya lau, suna gaishe ka.

Yaya, kaina ya ɗaure. Bayahuden malaminka da ka ce zai duba mana cutar tumatir ya kira ta bidiyo, sanye da kunnuwan jaki! Wai sallarsu ce, Furim, ranar shigar ban dariya. Ya ce wata sarauniyar Farisa ce ta ceci mutanensu daga mugun waziri. Da ya faɗi sunan wazirin, Baba ya ce, "Wannan ai wazirin Fir'auna ne, me ya kai shi Farisa?" Mutumin ya tuntsire da dariya, ya ce wani ne daban, kuma masana tarihi ma ba su tabbatar an yi abin ba.

To, abin da ba a tabbatar ba ake wa biki? Yanzu Baba ya ƙi fesa maganin da ya faɗa mana, ganye kuwa sai ƙonewa yake. Don Allah ka kira Baba, ka shaida masa hankalin mutumin ƙalau yake. In dai ƙalau ɗin ne.

A sa mu a addu'a, a gaida abokan zama.

Ƙaninka,
Habibu, Kafin Maiyaƙi