Halin da Buba yake ciki a gidan yari

Zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya baƙunci? Mu nan Marnona lahiya lau, sai dai zancen ƙanenmu Buba.

Tun da anka ɗaure shi kan faɗan iyakar fadama, sai ran Juma'a na samu ganinshi a Sakkwato. Ya rame, ko furar da Inna ta aiko bai taɓa ba. Wani tsoho masunci ɗan Goronyo, da suke ɗaure tare, ya ja ni gefe ya ce Buba ya so halaka kanshi wurin aiki, shi ya riƙe shi.

Na gaya wa gandiroba. Ka san mi ya ce? "Ni aikina ƙirga kawuna, kuma sun cika." Yaya, mutum ne ko tunkiya? Raina ya ɓaci, na zauna ƙofar Yari, shugaban gidan, na ƙi tashi, har ya yarda a riƙa haɗa su aiki da tsohon, a kuma kai Buba ga likita.

Kai ma ina da magana da kai. Buba ya ce ya zubar maka da mutunci, shi ya sa ka yi shiru. Wane irin shiru ne wanga? Ka aiko mishi da gaisuwa ko layi biyu ne, ni zan kai da ƙafata.

A sa shi addu'a. Inna tana gaishe ku, ban gaya mata abin da ya so yi ba.

Ƙanenka,
Garba