Abin da Umma Ta Gani

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririnmu mai kumatu. Yaya bayan naki da kika ce yana ciwo? Mu nan lafiya lau. Baba ma da sauƙi, jiya har ya ɗaga kofi da hannun hagu bai zubar ba. Ɓarin daman ne dai har yanzu bai motsa ba, magana kuma sai kalma ɗai-ɗai.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san halina, in na kara waya a kunne bakina mutuwa yake yi, labarin nan kuwa ya fi ƙarfin "lafiya lau, sai an jima". Yaya, Umma ta shiga makaranta!

Ajin manya ne, da yamma ake yi a firamaren bayan layinmu in yara sun tashi. Ba na masu koyon baƙaƙe ba ne, na waɗanda suka iya karatu ne amma rubutu ke ba su wuya. Kin san tun da can Baba ne alƙalamin gidan nan. Da hannunsa ya kwanta, sai Umma ta ce gida ba ya zama babu mai rubutu. Na ce ai ga ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ni ai baƙuwa ce, gobe wani zai zo ya kwashe ni kamar yadda aka kwashe ki, ita kuwa da gidan nan mutu-ka-raba.

Ni nake raka ta, Kawu kuma ya zo ya zauna da Baba. Ina zama can baya kusa da taga da littafin soyayyata a cinya, amma wallahi tun da muka fara zuwa ban juya shafi ba. Bencinan na ƙananan yara ne. Akwai wani ƙaton mutum mai walda, in ya zauna gwiwoyinsa har ƙirji suke kaiwa, hannunsa duk tabon wuta, amma yana riƙe fensir kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Akwai wata tsohuwa mai sayar da zare, tabaranta ma da zare ta ɗaure shi, ita ce sarkin tsokanar ajin. Sama da kawunansu kuma zanen kyanwa da ƙwallo ne na 'yan aji ɗaya. Ni ban taɓa sanin manya suna jin tsoro ba, sai da na ga Umma daga baya, ta duƙa a kan takarda, kafaɗunta sun tattare kamar na yarinya.

Malamar 'yar ƙarama ce, muryarta a hankali. Tana da wata hanya da ban taɓa gani a makarantarmu ba. Kowa zai miƙe ya karanta abin da ya rubuta, ita kuma tana riƙe da murfin biro. In ta ji jimlar da ba ta yarda da ita ba, sai ta ƙwanƙwasa tebur ta tambaya ko mutum ya gani da idonsa, ko ji ya yi ana faɗa. In bai gani ba, sai ya ja layi a kai. Har sun sa mata suna Malama Kin-Gani. Mai walda ya rubuta wai kasuwa ta cika maƙil da dubban jama'a. Ta tambaye shi ko ya ƙirga. Ya ce shi da ko kusoshin shagonsa bai san yawansu ba. Ta yi ta tatsarsa, yana gumi, har ya tuno wata mata da igiyar takalminta ta tsinke, ta riƙe shi a hannu tana ɗingishi tsakanin masu baro. Da ya sake karantawa, Yaya, sai ga kasuwar a gabana, har ƙurarta.

Yanzu an ba su aiki, kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan mutum ɗaya na gidansu. Umma ta zaɓi Baba. Ta rubuta "Maigidana mutumin kirki ne", daga nan fensir ya cije, kullum sai ta buɗe littafin ta rufe. Amma ina da dabara. Littattafan nan da kike min dariya a kansu, ranarsu ta zo.

Ki shafa min kan jariri, ki gaida maigidan.

Taki har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin haƙoran jariri ya sauka. Baba yana nan yadda kika sani. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ciwon da ake sha wa magani ba ne.

Yaya, na yi ɓarna. Na zauna na rubuta wa Umma shafin nan da kaina. Na zuba duk abin da na sani. Na ce idanun Baba taurari ne biyu a daren da babu wata. Na ce in ta ji takunsa zuciyarta tsalle take kamar barewa. Na ce murmushinsa yana haska ɗaki ko babu fitila. Da na karanta mata, sai ta tambaye ni ko haka ake rubutu na gaske. Na ce haka marubuta suke yi. Ta yarda da ni, Yaya, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ta kwafe shi da hannunta baƙi bayan baƙi, tana gogewa tana sakewa, har gefen hannunta ya yi baƙi.

Ni kuwa ina ta mafarkin yadda aji zai yi tsit, Malama ta share hawaye, a tambayi Umma inda ta samo wannan baiwa, ta waiwayo ta dube ni. Na manta da murfin biro sam.

Tana kaiwa kan taurari tsohuwa mai zare ta ce a ba ta aron mijin nan ta rage kuɗin wuta. Aka yi dariya, Umma ma ta ɗan murmusa. Da ta zo kan barewa, mai walda ya ce shi matarsa in ta ji takunsa cefane kawai take tambaya. Nan ma dariya. Ba da mugunta suke yi ba, haka suke yi wa juna kullum. Sai ta karanta jimlar murmushi, Malama ta ƙwanƙwasa tebur, ta tambaye ta a hankali ko ta gani.

Ba wanda ya san halin da Baba ke ciki a ajin nan. Ba su san rabonsa da taku ba, ba su san bakinsa ya karkace ba, murmushin ma rabi ne ke zuwa. Ni na sani, amma ina rubutu ban tuna da shi ba ko sau ɗaya, wani mutum na cikin littafi nake gani. Umma ta tsaya da takarda a hannu tana kallon jimlar. Ba ta ce ni na rubuta ba. Ta ninke takardar, ta ce a yi mata afuwa, ta fita. Na bi ta a guje, har muka iso gida ba ta waiwayo ba.

Tun ranar ba ta koma ba. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa littafinta a saman kabad, ta ce wa Kawu ya huta da zuwa, wai icen da ya bushe ba ya lanƙwasuwa. In lokacin aji ya yi sai ta ɗauko wankin da bai yi datti ba ta hau yi. Ni kuma in shige ɗaki in kasa haɗa ido da ita.

Don Allah ki kira ta, ke tana jin maganarki. Kada ki ce ni na gaya miki. Ko ki ce, ban ma sani ba.

Ƙanwarki mai kuka,
Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan. Na gode da kiran da kika yi wa Umma, ko da yake ta ce miki ba komai, kin san ta. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Baba ne ya warware abin. Ya lura Kawu ya daina zuwa, kullum yamma sai ya dubi agogo ya dubi Umma. Rannan ina ba shi ruwa ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana nuna saman kabad da ido. Na rasa yadda zan yi, sai na gaya masa komai. Ya yi alamar in karanta masa. Na ɗauko takardar, kaina a ƙasa, na karanta taurari da barewa da fitila, kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na gama ya daɗe yana haɗa kalma, leɓensa na rawa, sannan ya tambaye ni wane ne wannan.

Sai ya fashe da dariya. Yaya, tun da ya kwanta ban ji dariyarsa ba. A karkace ta fito, da tari da hawaye, gadon har girgiza yake. Ashe Umma tana bakin ƙofa da kwando. Ta ce lallai ya tambaya, ita ma tana son a nuna mata mutumin, ko ta sake shawara. Ta zauna bakin gado tana dariya tana goge masa baki da gefen zanenta. Can ta ce in miƙo mata littafinta, in kuma kwashe barewata in ba ta wuri.

Kwana da kwanaki tana rubutu, ba ta nuna min ko layi ɗaya ba. Ranar da muka koma aji, tsohuwa mai zare ta ce maraba da matar fitila, ta matsa mata wuri. Da aka zo kan Umma ta miƙe. Na roƙe ta daga baya ta bar ni na kwafe miki, ga shi yadda yake:

"Kullum da safe ina yi wa maigidana gyaran fuska. Da shi yake yi da kansa a tsaye, yana waƙa marar daɗi. Yanzu ina jingina shi da filo. Ina taɓa ruwan da bayan hannuna. In na zo kuncin hagu, yana hura shi ya yi tauri don reza ta wuce. In na zo na dama yana hurawa, amma kuncin ba ya tashi. Iskar tana fita ta gefen baki. Ranar farko na yanke shi. Yanzu ina wanke hannu, in sa yatsa a cikin bakinsa, in turo kuncin daga ciki. Yana janye harshensa ya ba ni wuri. Bai taɓa cizona ba. Yana rufe ido don kada in ga yana jin kunya."

Ban san yadda zan kwatanta miki shirun da ajin ya yi ba, kuma yanzu tsoron kwatance nake ji. Abin da na gani shi ne mai walda ya sa babban yatsansa yana taɓa kuncinsa, bai ma san yana yi ba. Tsohuwa ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

Malama ta ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya, a kan jimlar ƙarshe. Ta ce rufe ido an gani, amma dalilin fa, shi ma ta gani? Na ce a raina shi ke nan, za ta sake fita. Umma ta dubi takardar ta daɗe. Sannan ta ɗago ta ce ba ta gani ba, amma ta sani, kuma ba za ta ja layi a kai ba. Muryarta ko rawa ba ta yi. Malama ta ce ta bar shi, wanda ya ga duk abin da ke layukan sama ya isa ya san abu ɗaya.

Yaya, a gidan nan nake kwana nake tashi. Kullum da safe ina wuce ƙofar ɗakin Baba a rufe, hankalina na can wurin mutanen cikin littafi da ke mutuwa saboda so. Ban taɓa tambayar kaina yadda fuskar Baba take zama fes ba. Ke kin sani?

Da muka dawo Baba ya yi ta nuna littafin yana son a karanta masa. Umma ta ce aikin makaranta ne, ba na marasa rajista ba. An ba su sabon aiki a kan layin da suke zaune, tun a hanya ta fara tsayawa tana kallon kwata da igiyoyin shanya kamar yau ta tare a unguwar. Na ce ko in riƙe mata jaka. Ta ce jaka kawai.

Yau da safe na kawo ruwan zafi, ta karɓa ta tura ƙofa kamar kullum. Na tsaya a waje da buta a hannu. Ina jin ƙarar reza tana bugun bakin kwano, sai shiru, sai ta sake bugawa. Ban shiga ba, ban kuma iya tafiya ba har sai da ta buɗe.

Umma tana gaishe ki, Baba ya ɗaga miki hannu. Ki sumbaci jariri a madadina. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Auta