Almakashin Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara lafiya, Ya dafa maka a bakin aikinka. Mu nan sai godiya. Mama tana fama da gwiwarta, tana cewa ba komai, amma sai ta dafa bango take miƙewa.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da aka sallame shi daga asibitin ƙwaƙwalwa bai tsallake magani ba, barci kuma yana samu. To, kwanaki sai ga wata likita ta yi mana sallama, wai ta samu tallafin bincike don ta bi sawun waɗanda aka sallama, ta ga yadda rayuwa take tafiya da su a gida. Ka san ni da son jin ƙwaƙwaf. Na ce ashe har kuɗi ake ba mutum ya bi wanda ya riga ya samu sauƙi? Ta yi dariya, ta ce da ƙyar da jiɓin goshi ta samu, domin masu ba da tallafi sun fi kula da farkon ciwo, lokacin gado da allura. Abin da ke biyo baya, wanda ya fi tsawo, ba kasafai ake leƙa shi ba. Izinin Auta ta fara nema, ba namu ba, abin da ya ɗaure wa Mama kai.

Na zaci a kan ƙwayoyi za ta tsaya. Sai na ji tana tambayar da wa yake hira, me yake yi da hantsi, yaushe rabon da a aike shi. Na yi ta lalube a kaina. Ruwan wanka mu ke kai masa. Ko kofi ya ɗauka sai Mama ta karɓe. Almakashinsa na ɗinki yana ƙasan akwatinta tun ranar da aka kwantar da shi. Tun lokacin nake juya abin: shin tattali ma yana yin yawa? A ina jinya take ƙarewa, wa kuma yake gaya wa mutanen gida cewa ta ƙare?

Da likitar ta tambaye shi abin da yake so, sai ya ce, "Asibiti sun sallame ni. Gida ne ba su sallame ni ba." Kunya da tausayi suka rufe ni, Yaya. Mama kuwa ta tashi ta shige ɗaki.

Na san ka ce a mayar wa mai shagon ɗinkin da Auta yake haya makullinsa ƙarshen wata, kuma na san tsoro ne ya sa, ba ƙi ba. Likitar ba ta yi mana alkawarin komai ba, ta ce ita ma amsar take nema, amma likitansa bai hana shi aiki ba. In shagon nan ya tafi, ban san abin da zai riƙa tashinsa da safe ba. Don Allah ka dakata, ka kira Auta da kanka ka ji ta bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka gaishe min da Maman 'yan biyu, da 'yan biyun, da takwarata sarkin surutu. Mama tana sa maka albarka. Auta ma yana gaishe ka, ya ce ka turo masa awon kafaɗarka, don ya ji labarin ka yi ƙiba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.